Bindigar Buga Ƙusa Da Yadda Kafinta Zai Zaɓe Ta

Yau a shirinmu na kimiyya za mu ɗauko wata na'ura wadda kafintocin Amurka da na Ingila suka mayar abokiyar aikinsu ta kullum, watau bindigar buga ƙusa. Wanda ya raɗa mata wannan suna bai yi kuskure ba, gama tana da baki, tana da kunama, tana kuma harba ƙusa mai tsawon inci uku da rabi ta nutse cikin katako kafin mutum ya ƙifta ido. Akwai ƙanananta waɗanda ake aikin kujeru da akwatuna da silin da su. Wadda za mu duba ita ce babbarsu, wadda ake haɗa ƙashin gida da ita, watau ginshiƙan bango da katakon bene da na rufi. Kafintan da ya sayi irin wannan ya damƙa mata abu uku: jarinsa, da yatsunsa, da rufin da waɗansu mutane za su kwana a ƙarƙashinsa. Saboda haka zaɓenta ba abin da za a yi da ka ba ne.

Bari mu fara da dalilin da ya sa aka ƙago ta. A dā, Turawa in za su gina gidan katako sai su sami manyan gungume, a fafe wannan, a fiƙe bakin wancan, a zura ɗaya cikin ɗaya, a soke da turken itace. Aiki ne na gwanaye, mai cin lokaci ƙwarai. Daga wajen shekarar 1830 da 'yan kai, a birnin Shikago da kewayensa, sai magina suka koma ga wata dabara. Injunan yankan katako sun yawaita, ƙusa kuma ta yi araha tun da aka fara ƙera ta da inji. Sai suka riƙa jera siraran katako, irin wanda kafintocinmu ke kira tu-bai-fo, suna haɗa su da ƙusa kaɗai. Har yanzu yawancin gidajen zama na Amurka da Kanada a kan wannan hanya ake gina su, ana tsai da ginshiƙi ɗaya bayan kowane inci 16. Gida ɗaya yana cin ƙusoshi dubbai masu yawa, kowace kuwa sai an ɗaga guduma sau uku ko huɗu a kanta. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da sojoji suka komo gida ana bukatar gidaje da gaggawa, aka matsu a sami abin da ya fi guduma sauri. Cikin shekarun 1950 bindigogin ƙusa masu aiki da iska suka shiga kasuwa.

To, yaya iska ke buga ƙusa? Duk wanda ya taɓa toshe bakin famfon keke da yatsa ya danna, ya ji yadda iska ke ture hannunsa. Wani masani Bature, Robert Boyle, ya bayyana ƙa'idar abin tun 1662: in aka matse iska ta koma rabin wurin da take ciki, ƙarfin turinta sai ya ninka. Injin da ake kira kwamfaresa aikinsa ke nan. Yana cusa iska cikin tanki, tiyo kuma ya kai ta ga bindiga. Irin waɗannan bindigogi suna aiki da iska mai turin laba 70 zuwa 120 a kan kowane inci murabba'i. A cikin bindigar akwai silinda, a cikin silindar akwai fistan, a jikin fistan ɗin kuma akwai wani dogon harshe na baƙin ƙarfe. In aka ja kunama sai bawul ya buɗe, iska ta afka kan fistan, harshen ya sauko ya daki kan ƙusa.

Mu yi ɗan lissafi domin mu ga yawan ƙarfin. A ce faɗin fistan inci 2 ne. Filin fuskarsa ya zama inci murabba'i uku da ɗan ɗoriya. In iska tana turi da laba 100 a kan kowane ɗaya, jimla ta zama laba 314, watau nauyin buhun siminti kusan uku, dukansu kuma a kan ƙusa ɗaya tak za su sauka. Da fistan ya kai ƙasa sai ya daki wata roba mai kauri wadda ke shanye sauran ƙarfin, sa'an nan iskar da ta taru a wani ɗaki da ke kewaye da silindar ta mai da shi sama, ƙusa ta gaba kuma ta matso bakin bindiga. Ku riƙe waɗannan abubuwa uku, harshen ƙarfe da robar ƙasa da zobban roba masu hana iska zurara, domin su ne ke fara gajiya, kuma a kansu ake gane bindigar da za ta daɗe.

Bindigogin da ke kasuwa yanzu iri uku ne. Na fari shi ne mai iska, wanda muka bayyana. Shi ya fi araha, ya fi sauƙin gyara, nauyinsa kuma bai cika wuce laba 7 zuwa 9 ba. Muddin kwamfaresa na aiki ba ya gajiya, saboda haka ƙungiyar kafintoci masu tada gida sukutum daga safe zuwa yamma har yanzu shi suka fi dogara da shi. Aibinsa shi ne tiyo, wanda ke bin mutum duk inda ya hau, yana sarƙe ƙafa a kan tsani. Sai kuma a auna kwamfaresa da aikin. Kowane harbi yana shan iska kimanin lita biyu da rabi. Mutum ɗaya mai buga ƙusa 30 a minti yana bukatar lita 75 ke nan, mutum uku kuwa fiye da lita 200. In injin bai kai ba, ƙusa ta fari za ta nutse, ta goma ta tsaya da kanta a waje, a yi ta zagin bindiga alhali kuwa laifin na kwamfaresa ne.

Iri na biyu shi ne mai gas, wanda kamfanin Paslode ya fitar a 1986. Wannan ƙaramin injin mota ne a hannun mutum. Ana zura masa wata 'yar gwangwanin gas, in aka danna bakinsa a jikin katako sai ɗan gas ya shiga ɗakin ƙonewa, fanka ta gauraya shi da iska, in aka ja kunama batir ya ba da tartsatsi, abin ya fashe ya tura fistan. Gwangwani ɗaya yakan buga ƙusa wajen dubu. Ba tiyo, ba kwamfaresa, ga shi kuma ba nauyi, shi ya sa kafintocin Ingila suka rungume shi ƙwarai. Amma kuɗin gas kullum yana fita, gas ɗin yana da ranar lalacewa, cikin tsananin sanyi yakan ƙi tashi, hayaƙin ƙonewa kuma yana tara dauɗa wadda dole a riƙa kwance bindigar ana wankewa.

Iri na uku shi ne mai batir zalla, wanda ya yi ƙarfi tun bayan 2010 saboda ingancin batirin litiyam. Dabara biyu ake bi. Waɗansu, kamar na kamfanin DeWalt, suna da wani faifan ƙarfe mai nauyi wanda injin lantarki ke juyawa da gudu, in aka ja kunama sai harshen ya taɓa faifan, faifan ya wurga shi kamar majaujawa. Waɗansu kuma, kamar na Milwaukee, suna da silinda rufaffiya cike da iskar naitirojin. Injin lantarki yana jan fistan sama ya matse iskar, kunama ta sake shi. Waɗannan ba su shan gas, ba su hayaƙi, amma sun fi sauran nauyi, da yawansu sun haura laba 10 in an sa batir. Wanda zai wuni yana buga ƙusa sama da kansa zai ji bambancin laba biyu a kafaɗarsa kafin la'asar. Ga mai gyare-gyare da mai aiki shi kaɗai a kan rufi, mai batir ko mai gas ya fi dacewa. Ga mai babban aiki na yau da kullum, mai iska.

Yanzu ga wata magana wadda sabon mai saye yakan manta: ƙusa ake fara zaɓa, sa'an nan bindiga. Ƙusoshin bindiga a jere suke zuwa, manne da juna, kuma kowace bindiga da irin jerin da take ci. Ana gane su da karkatar jerin. Akwai na digiri 21, waɗanda aka haɗa da roba, kansu cikakken da'ira. Akwai na digiri 28, haɗe da waya. Akwai na digiri 30 zuwa 34, haɗe da takarda, waɗanda aka matse su ƙwarai har aka yanke gefen kan kowace ƙusa, ko kuwa aka gusar da kan zuwa gefe ɗaya. Akwai kuma na digiri 15 waɗanda aka naɗe kamar gammo, ɗauri ɗaya ya kai ƙusa 200 zuwa 300. Kowane da halinsa. Mai karkata da yawa ya fi shiga lungu tsakanin ginshiƙai. Na roba yana fesa ɓarɓashi a fuska. Na takarda in ya jiƙe sai ya wargaje. Na gammo ba a yawan tsayawa ɗura shi, amma bindigarsa cike tana da nauyi. Bindiga mafi kyau a duniya ba ta da amfani a garin da ba a sayar da ƙusarta.

Batun kan ƙusa da kaurinta ya wuce batun sauƙin aiki, domin a nan ne rayukan mutane suka shigo. A watan Agusta na 1992 mahaukaciyar guguwar da aka kira Andrew ta faɗa wa kudancin jihar Filorida, ta rushe gidaje dubbai. Da masana suka bi kango suna dubawa, sai suka tarar a gidaje da yawa falankin rufi ya tashi ne domin ba a kafa shi sosai ba. Waɗansu an kafa su da 'yan maƙalan waya, waɗansu kuma ƙusar ta wuce ta gefen katakon da ke ƙasa ba ta kama kome ba. Mai guduma in ya kuskure katako hannunsa zai gaya masa nan take, amma bindiga ƙararta ɗaya ce ko ta samu ko ta kuskure. Bayan wannan masifa aka tsananta dokokin gini a can, aka kuma koma ga ƙusa mai zobe-zobe a jiki wajen kafa rufi, domin ta fi wuyar zarewa. A yankunan guguwa da na girgizar ƙasa, masu duba gini da yawa ba su yarda da ƙusa mai yankakken kai. Kafinta ya tambayi dokar wurin da yake aiki tun bai biya kuɗi ba.

Haka nan kauri. Babbar ƙusar hannu ta Amurka mai inci uku da rabi kaurinta milimita 4.1 ne, amma wadda aka fi sa wa bindiga milimita 3.3 ce ko ƙasa da haka. Siririyar ƙusa ba ta ɗaukar nauyin da kakkaura ke ɗauka, don haka in za a yi aiki da ita sai an ƙara yawanta yadda dokar gini ta faɗa. A duba a ga bindigar tana cin tsawo da kaurin da takardar ginin ta nema. A duba kuma tana da abin daidaita zurfi a bakinta, wanda ake murɗawa da yatsa. Ƙusar da ta nutse fiye da kima har kanta ya huda fuskar filawud ta rage ƙarfin riƙonta, ko da yake ido zai ga kamar aiki ya yi kyau. Akwai kuma wani abu na ilmin haɗa magunguna. Tun ƙarshen 2003 aka daina jiƙa katako da maganin nan mai gubar arsanik domin aikin gidajen zama a Amurka. Magungunan da suka maye gurbinsa suna da jan ƙarfe da yawa, jan ƙarfe kuwa in ya haɗu da baƙin ƙarfe cikin damshi sai ya sa shi tsatsa da sauri. Irin wannan katako sai ƙusar da aka tsoma cikin narkakkiyar tutiya, ko ta ƙarfen da ba ya tsatsa.

Mu zo ga kunama, wadda ita ce ta shafi jinin kafinta kansa. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da labari a 2007 cewa tsakanin 2001 da 2005, kowace shekara mutum wajen 37,000 ne ake kaiwa asibiti da gaggawa saboda raunin bindigar ƙusa. Fiye da rabin raunukan ma'aikata a hannu da yatsu suke. Kunama iri biyu ce. Akwai wadda mutum zai riƙe ta a jaye, duk inda bakin bindiga ya taɓa sai ƙusa ta fita. Tana da sauri, amma in bindigar ta yi tsalle bayan harbi ta sake taɓa katako sai ta harba ta biyu ba da nufi ba, in kuma mutum yana saukowa daga tsani da yatsa a kan kunama bakin ya taɓa cinyarsa ko kan abokin aikinsa, shi ke nan. Ɗayar kuwa sai an fara danna baki, sa'an nan a ja kunama, kuma ba ta sake harbi sai an saki duka biyun an sāke daga fari. A 2011 hukumomin kiyaye lafiyar ma'aikata na Amurka suka buga wani ɗan littafin gargaɗi, inda suka nuna cewa hatsarin rauni da kunama ta fari ya ninka na ta biyu. Suka kuma kawo binciken da ya gano cewa cikin kowane almajiran kafinta biyar masu aikin gidaje, biyu sun ji rauni da wannan bindiga cikin shekara huɗu na koyonsu. Sauri ya haifi nawa, in ji Hausawa. Bindigogi da yawa yanzu suna da ɗan maɓalli na sauya kunama. Maigidan da ke da yara masu koyo ya tsai da ita a kan ta biyu.

Sauran ƙa'idodin tsaro kaɗan ne, amma ba a wasa da su. Hannun da ke riƙe katako ya nisanci wurin harbi da inci 12, gama ƙusa in ta ci karo da ƙulli a cikin itace takan lanƙwashe ta fito ta gefe. A sa tabarau na aiki, a toshe kunne, domin ƙarar harbi ɗaya ta haura desibel 100. In ƙusa ta maƙale, a cire tiyo ko batir da gas kafin a sa hannu. Kada a kuskura a haɗa bindiga da tukunyar iskar oksijin ta masu walda, gama oksijin da man da ke cikin bindiga in sun haɗu sai fashewa.

To, da me za a gane mai aminci a kanti? Kada a tsaya ga fenti da ƙyalli. A tambayi mai kanti ko yana sayar da zobban robarta da harshenta da robar ƙasa, a kuma tambaya ko akwai mai gyaranta a garin. Kamfanonin da suka daɗe a wannan sana'a, irin su Bostitch da Senco da Paslode da Hitachi, abin da ya sa magina ke komawa gare su shi ne ana samun kayan gyaransu shekaru bayan saye. Mai neman kayan Hitachi ya sani cewa tun 2018 sunan ya koma Metabo HPT a Amurka, a sauran ƙasashe kuma HiKOKI. A duba bakin bindigar a ga yana da haƙora masu kaifi da za su kama katako in ana bugun karkace. A duba ko tana tsayawa da kanta in ƙusa ta ƙare, domin harbin wofi yana cin robar ƙasa, yana kuma ruɗin kafinta ya zaci ya kafa abin da bai kafa ba. A ga yadda ake buɗe ta in ƙusa ta maƙale, a ga ko tana da ƙugiyar ratayewa. Sa'an nan a ɗauke ta da hannu ɗaya a ɗaga sama, a kuma roƙi a gwada ta a kan irin katakon da za a yi aiki da shi. Gani ya kori ji.

Aminci kuma rabinsa a hannun mai ita yake. Bindiga mai iska tana son ɗigon mai kaɗan a mashigar iskarta kowace safiya, man da aka yi dominta, ba baƙin man mota ba, wanda ke lalata roba. Iska in an matse ta takan yi zafi, in ta huce cikin tanki sai damshin da ke cikinta ya koma ruwa. Wannan ruwa yana sa tanki tsatsa daga ciki, yana kuma bin tiyo ya shiga bindiga. Saboda haka a buɗe 'yar kafar da ke gindin tanki kowace yamma a zubar da shi.

Akwai 'yan'uwanmu da ke aikin gini a Ingila da Amurka waɗanda kan so su aika da irin wannan na'ura gida, domin masu ɗora rufin kwano a Kano ko Kumasi ko Maraɗi. Su lura da abu huɗu. Wutar gidajen Amurka bolt 120 ce, ta ƙasashenmu kuwa 220 zuwa 230, saboda haka kwamfaresa ko abin cajin batir na Amurka zai ƙone in an soka shi kai tsaye. Kayan wurin gini na Ingila ma da yawansu na bolt 110 ne. Na biyu, an ƙera waɗannan bindigogi ne domin itatuwan ƙasashen sanyi masu taushi, busasshen maɗaci kuwa ba ya karɓar ƙusa da sauƙi haka. Na uku, ƙurar hunturu in ta gauraya da mai tana goge zobban roba, don haka sai an riƙa share matatar iska. Na huɗu, gwangwanin gas ba a ɗaukarsa cikin kayan fasinja a jirgin sama, in kuma babu shi a kasuwar garin bindigar ta zama kayan ado. Wanda zai aika ya haɗa da kwalayen ƙusa da kayan gyara, ya kuma fara bincika abin da ake samu a can.

Jama'a, iyakar abin da lokaci ya ba mu ke nan. Kafintan da ya san dokar wurinsa, ya san ƙusar da ke kasuwarsa, ya auna yawan aikinsa, ya kuma zaɓi kunamar da za ta bar masa yatsunsa goma, ya gama mafi wuyar zaɓen tun bai shiga kanti ba. Gudumarsa kuwa kada ya yar, gama da ita zai bi bayan bindiga yana ƙarasa ƙusar da ta tsaya, yana kuma leƙa ƙarƙashin rufi ya ga ko akwai wadda ta kuskure katako.